Noti ɗaya ya hana ni sauke tankin mai na Hilux

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin aikin mota.

A-kori-kurata ƙirar Toyota Hilux ce ta 2012, mai shan gas, wato dizal, kuma ina son sauke tankinta domin ruwa da datti sun taru a ciki har injin yana shaƙewa a kan hawa. Na cire kan batir, na zuƙe man da tiyo, na kwance tiyon zuba mai da wayar gejin, sannan na tokare tankin da jak bayan na ɗora katako a kai.

Maɗaurin gaba ya kwance ba gardama. Na baya ne ya kafe, domin tsatsa ta cinye notinsa, ga shi a lungu kusa da shasi inda hannu ba ya shiga sosai. Kwana 2 ina jiƙa shi da man birki ina bubbuga shi da guduma, amma ko motsi bai yi ba, yanzu ma kansa ya lise, sifana sai zamewa take yi. Wuta kuwa ba zan kusantar da ita ba, tunda tankin yana warin mai.

Ta wace hanya zan cire wannan notin ba tare da tartsatsi ko lalata maɗaurin ba? Na gode.