"Riƙe igiya": wa ke riƙewa, wa ke cikin rami?

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum. Wata magana ce ta haɗa ni da ƙanin matata ranar Asabar a wurin suna a Houston, har sai da surukata ta leƙo ta ce mu rage murya, baƙi na ji. Na kasa haɗiye ta, shi ya sa na kawo muku.

Duk wanda ya zauna Luwiziyana ya san kalmar nan ta Skip Bertman, tsohon kocin besbol na LSU, jami'ar jihar Luwiziyana a Amurka: riƙe igiya. Yakan sa yaransa su ɗauka suna reto a gefen tsauni, ba abin da ya raba su da mutuwa sai igiya ɗaya, sannan ya tambaye su wa suke so ya riƙe ɗaya bakin. Ba kowane aboki ba, sai wanda igiyar za ta sale masa hannu, jini ya zuba, amma bai saki ba. Da wannan magana ya ja ƙungiyar daga 1984 zuwa 2001, ya ɗauko kofin ƙasa sau biyar: 1991, 1993, 1996, 1997 da 2000.

To shi ƙanin nan nawa, daren da jami'ar Filorida ta lallasa ƙungiyarmu ta LSU 24 da 4 a zagayen ƙarshe na gasar jami'o'i ta ƙasa a garin Omaha a 2023, ya hau Facebook ya yi wa yaran tatas, musamman masu jifa. Har da cewa wani ya tattara ya koma ɗakin uwarsa. Washegari muka rama 18 da 4, muka ɗauki kofi, sai ga hotonsa da hula yana cewa mun riƙe igiya. Da ya zo suna da riga mai wannan rubutu a ƙirji sai abin ya taso mini. Na ce kai ba ka riƙe komai ba, reza ka sa mata. Ya ce wai riƙe igiya ba rufe baki ba ne, in na ƙasa yana wasa da ransa dole na sama ya daka masa tsawa. Don Allah wa ya fi gaskiya?

Ɗan Tudun Wada: Wa'alaikumus salam Yaya. Ƙaninka bai yi ƙarya duka ba. Bertman da 'yan wasansa yake magana, ba da mu 'yan kallo ba. Igiyar tsakanin mai jifa ce da masu tsaron fili. Mu namu sayen tikiti da ihu. Wanda ya biya kuɗinsa ya shiga Alex Box, filin wasan LSU, ai yana da bakin magana.

Maman Ilham: Yana da bakin magana, ba shi da bakin zagin uwa. Yaran nan wasu shekararsu 19 ne fa, sa'o'in ɗana na fari. Magana zarar bunu ce. Shi ya goge rubutunsa ya kwanta barci, yaron da ya karanta a otal da tsakar dare fa, wa zai goge masa?

Ɗan Tudun Wada: Hajiya, da can ne suke yara 'yan makaranta zalla. Tun Yulin 2021 aka halatta musu karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Wasu sun fi malaman da ke koyar da su samu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Malam Na Omaha: Ni a garin nake, shekara goma sha ɗaya. Kowane watan Yuni ƙungiyoyi takwas ke zuwa, tun 1950 ake yin gasar a nan, kuma in LSU na ciki sai garin ya koma ruwan ɗorawa da shunayya, launukan ƙungiyar. Abin da nake gani da idona shi ne, a fili mutanen nan suna da kirki, su dafa abinci a bayan mota su kira baƙon da ba su taɓa gani ba. Amma mutum ɗaya, da ya zauna a mota ya ɗauko waya, sai ya zama wani. Kuma ku sa caca a lissafi. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, da yawa daga masu zagin nan ba kishin ƙungiya ke cin su ba, kuɗinsu ne ya nutse. Shi ya sa shugaban NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, Charlie Baker, ya nemi jihohi a 2024 su hana caca a kan abin da ɗan wasan jami'a guda zai yi, Luwiziyana ma ta hana. Wanda ya zuba dala ɗari a kan hannun yaro ba igiyar yaron ya riƙe ba, ta aljihunsa ce.

Baban Sadiƙ: Malam, ƙanina ba ya caca, wannan kam zan shaide shi. Zafin kai ne kawai.

Jikar Inna: Ku yi haƙuri in shigo da wani abu, don tun da na ga kalmar igiya jikina ya yi sanyi.

Kakata, Inna, Allah ya jiƙanta, tafin hannunta na dama yana da wani tabo fari daga gindin ɗan ali har zuwa babban yatsa. Muna yara in tana shafa mana man kaɗanya sai mu ji shi yana karce mu kamar bayan ƙwarya. Ba ta taɓa ba mu labarinsa ba, a bakin Goggo muka ji.

Shekarar farin 1984 ce, a ƙauyenmu arewa da Tasawa. Rijiyar gari ta ja baya, guga sai ya fito da laka. Aka ce a yashe ta. Kakanmu shi ne mai shiga, don siriri ne kuma ba ya tsoro. Aka fara zura fitila a gani ko za ta mutu, ba ta mutu ba, sai aka ɗaura masa igiyar rama a ƙugu, maza huɗu suka riƙe, aka sauke shi. Yana cika wasaki da laka ana janyewa da wata igiyar. Inna ta taho da furarsa a kai, da goyon mahaifiyata a baya.

Sun fara jawo shi ke nan, ya kai kamar rabi, sai aka kwarma ihu daga cikin gari: gobara! Kun san shekarar yunwa, ɗan abin da ya rage wa kowa yana cikin rumbu. Uku daga cikin mazan nan suka saki suka zuba da gudu, ba su ma san sun saki ba. Na huɗun dattijo ne, igiya ta fara jan sa zuwa baki. Inna ta yar da ƙwaryar fura, ta cafke igiyar tana gudu, ta naɗe ta a hannu, ta zauna daɓas a ƙasa ta tokare ƙafa da itacen bakin rijiya. Goggo ta ce har ƙaurin fata aka ji.

Ga inda nake so ku ji. Duk tsawon lokacin nan Inna zaginsa take. Ɗan kawunta ne, abokin wasanta tun suna yara. Tana kuka tana cewa, "Kai mai ƙashin tsiya, wa ya aike ka? Garin nan kai kaɗai ne namiji? Ka ci tuwon mutane ka yi nauyi kamar jaki! Wallahi ka faɗa sai na biyo ka na ci mutuncinka a can!" Shi kuma daga ciki yana cewa, "Ci gaba, ina jin ki." Daga baya ya ce muddin yana jin zagin ya san ba ta saki ba. Da ta yi shiru na ɗan lokaci don numfashi, a nan ne ya fara salati.

Har mata suka taru suka kama, aka fito da shi. Wata biyu Inna ba ta iya riƙe taɓarya ba. Rumbu biyu suka ƙone, ba na waɗanda suka gudu ba ma.

Maman Ilham: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna makoma. Na yi hawaye wallahi.

Ɗan Tudun Wada: Amin. To Yaya Baban Sadiƙ, ka ji ko? Ga mai zagi, ga mai riƙo, mutum ɗaya. Inna ta yanke hukunci, ƙaninka ya ci shari'a.

Baban Sadiƙ: A'a, dakata. A buɗe tafin hannun ƙanina a nuna mini tabo. Inna ta sayi zaginta da fatar hannunta. Kuma mijinta ya san muryar wa yake ji. Yaron da ke Omaha bai san ƙanina ba, abin da ya gani kawai baƙo ne ya ambaci uwarsa.

Kawu Direba: Ni dai abin da na fahimta, Inna igiya huɗu ta riƙe ranar nan, uku na aure ɗaya ta rama. Shi ya sa tsoho bai faɗa ba.

Jikar Inna: Kawu ka sa ni dariya cikin kuka. Ai ya sha faɗa cewa ko da wasa ba zai iya tsinka ko ɗaya ba, ya ga abin da take yi wa igiya.

Kawu Direba: Su kuma ukun da suka gudu, na san jikokinsu. Su ne suke zuwa mana duk bayan shekara huɗu da atamfa da taliya su ce mu riƙe igiya. Da an rantsar da su sai a ji gobara ta tashi a Abuja, sai su saki su ruga kashe ta.

Ɗan Tudun Wada: Saki ma ai da sauƙi Kawu. Namu naɗe igiyar yake ya sa a but, ya dawo zaɓe na gaba ya ƙaddamar da ita da almakashi da 'yan jarida.

Hajiya Ta Zangon Kumasi: Mu nan rijiyar burtsatse aka yi mana alkawari tun ina goyon autana, yanzu autan yana jami'a. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

Malam Na Omaha: Jama'a mu dawo fili. Akwai abin da ya fi dacewa da maganar Bertman, wasan ƙarshe na 1996 da jami'ar Mayami. LSU na baya 8 da 7, zagaye na tara, wato na ƙarshe, saura mutum ɗaya a fitar a tashi. Wanda ya zo bugu Warren Morris ne, wanda aka yi wa aiki a hannu a kakar, ya daɗe a benci, bai tsallakar da ƙwallo katanga ko sau ɗaya ba duk shekarar. Jifan farko ya ɗauke ta ta wuce katanga, aka tashi 9 da 8. Da a zamanin waya ne, da tun watanni kafin nan an gama rubuta cewa a ajiye shi, ya zama kaya. Bertman bai ajiye shi ba. Ni a nan nake ganin igiyar, a hannun koci take.

Amma hoton da ba ya barin raina na ɗaya ɓangaren ne. Wani yaron Mayami ya kife a ƙasa, fuska cikin ƙura, yana kuka. Alex Cora ke nan, wanda ya zo ya jagoranci Boston Red Sox ta ci kofin World Series na ƙwararrun 'yan besbol a 2018. Na kan yi tunanin me wayarsa za ta ƙunsa a daren nan da a yau ne.

Maman Ilham: Kuma shi ma yana da uwa tana kallo.

Auta: Ni fa ina da tambaya, kada a ce yaro ya cika surutu. Duk kuna ɗauka ɗan wasa ne a rami, mu ne a sama. Ni shekarata ta farko a nan ban san kowa ba, ga sanyi, ga kewar gida, wasan nan ne kawai ke fitar da ni daga ɗaki ranar Juma'a da yamma. To wa ya riƙe wa? Wataƙila shi ya sa mutum ke haukacewa in sun faɗi, ji yake shi aka saki.

Baban Sadiƙ: Auta, wannan ban taɓa kawo ta a raina ba. Shi ma ƙanin nawa a shekarar aikinsa ya tsaya, wata huɗu yana gida. Amma duk da haka uwar wani ba ta ci masa komai ba.

Ɗan Tudun Wada: Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ka kira shi Yaya, kada suna ya zama sanadin gaba.

Hajiya Ta Zangon Kumasi: Jikar Inna, igiyar rama kika ce? A wajenmu ta kaba ake shiga rijiya da ita, rama in ta jiƙe santsi take.

Jikar Inna: Hajiya haka Goggo ta faɗa, amma bari in kira ta in sun idar da sallar asuba, yanzu can dare ne. Tana da ragowar igiyar ma a cikin adakarta, ta hana kowa taɓawa.

Kawu Direba: Ki ce ta ɓoye da kyau, zaɓe ya kusa.

Auta: Malam Na Omaha, in Allah ya kai mu Yuni akwai wurin kwana a wajenka? Mu uku ne, za mu taho da kilishi.