Ya daina sha mako uku: me ya rage wa mai taimaka masa?

Mai_neman_sani:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san harkar. Idan mai shan kodin da tiramadol ya daina, zawo da ciwon gaɓoɓi sun wuce, har an yi mako uku, me ya rage wa wanda ke tsaye a kansa? Ana cewa an haye wurin wahala. Haka ne? Sannan mai shan giya shi ma haka ake sa shi ya yanke lokaci guda?

Ma'aikacin_jinya:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce mai kisa. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, kada a sa shi ya yanke a gida. Rawar hannu da gumi kan fara awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma wajen kwana na biyu zuwa na uku, kuma wannan kan kashe. A asibiti ana ba shi diazepam ko makamancinsa ana ragewa a hankali, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Mai shan ƙwayoyin barci irin su diazepam shi ma ragewa ake yi sannu-sannu, ba yankewa ba.

Na kodin da tiramadol kuwa, ciwon dainawar yana da azaba amma ba kasafai yake kisa ba, cikin kwana 4 zuwa 10 ya lafa. Haɗarin yana nan gaba. Bayan mako uku jikinsa ya manta da sabon da ya yi. In ya zame ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya ɗaukewa. Ki faɗa masa wannan ƙarara tun yau. Ki kuma nemi naloxone, maganin da ke dawo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka yi wa yawa, ki ajiye, akwai na fesawa a hanci mai miligiram 4, akwai na allura. Alamomin cewa abin ya yi masa yawa: an tashe shi bai tashi ba, numfashi a hankali ko minshari mai kakari, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe ya sauya launi. Ki ba shi naloxone ɗin, ki kira taimakon gaggawa, ki kwantar da shi ta gefe. In bai farfaɗo ba bayan minti 2 zuwa 3, ki ƙara. Ƙarfin maganin kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko ya miƙe, asibiti dole.

Mai_haɗa_magani:
Ƙari kan bayanin Malam: tiramadol ba kamar kodin yake ba. Shi kansa yana jawo jijjiga in an sha da yawa (iyakarsa ko a hannun likita miligiram 400 ne a rana), kuma naloxone na gyara numfashi ne kawai, ba ya hana jijjigar.

Sannan a daina kallon magani a matsayin gazawa. Methadone da buprenorphine suna kwantar da kwaɗayin abin, suna rage mutuwa sosai. Naltrexone kuma toshe jin daɗin yake yi, amma sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba a sha kodin, tiramadol ko danginsu ba kafin a fara, in ba haka ba ciwon dainawa ya taso gadan-gadan. Duk ta hannun likita.

Mai_ba_da_shawara:
'Yar'uwa, ni ta ɓangarenki zan yi magana, don masu taimako sun fi yin kuskure a nan. Kwaɗayin abin ba ya zama wuri guda, tasowa yake ya kai ƙololuwa ya sauka, galibi cikin minti 15 zuwa 30. Aikinku shi ne a cinye waɗannan mintunan. Ku zauna ranar da yake cikin natsuwa ku rubuta: wane lokaci abin ya fi taso masa, da wa, a ina, kuma wa zai kira. Mutum uku aƙalla, kada ya zama ke kaɗai, za ki gaji. Ya goge lambobin masu sayar masa da hannunsa. In ke kika goge, zai nemo su.

Abu huɗu ke buɗe ƙofar komawa sha: yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya. Na biyar shi ne kuɗi a hannu da rana babu abin yi. Rashin barci kan ɗauki makonni, wani ma watanni, kuma nan ne ake cewa "bari in sha ɗaya don in yi barci". Lokacin tashi ɗaya kullum da motsa jiki sun fi ƙwayar barci amfani.

Kada ki zama ɗan sanda. Binciken aljihu da shinshinar baki ƙwarewa a ɓoyewa kawai suke koyarwa. Kada kuma ki biya masa bashi ko ki yi ƙarya don rufa masa asiri wurin aiki. Abin kirki da ya yi, ki ambata a take.

Mai_neman_sani:
Na gode ƙwarai. To in ya zame fa, Malama? An koma farko ke nan?

Mai_ba_da_shawara:
A'a. Alƙaluman cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 kan koma, kusan daidai da masu hawan jini da ke sakin magani. Abin da ke mayar da zamewa ɗaya ta zama wata shida shi ne kunya: ya ɓoye, ya ce ai ya riga ya ɓata. Ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa in ya zame zai faɗa cikin awa 24, ba tare da rigima ba, a koma wurin likita a duba abin da ya kwance a shirin.

Ya kuma samu waɗanda suka bi hanyar kafin shi. Ƙungiyar AA, ta masu ƙoƙarin daina giya, a kan haka aka kafa ta a 1935 a Amurka, mashaya biyu suna riƙe juna, ta NA ta masu ƙwaya ta biyo a 1953. Tsarinsu na matakai 12 na daina sha ba kowa yake yi wa ba, in bai ji daɗin wani zama ba ya gwada wani. Ke ma akwai na dangi, irin su Al-Anon. Sai dai kada ya yi gaggawar ɗaukar nauyin wani mashayi yana wata ɗaya da dainawa. Ya bari ya shekara tukuna.