Yaya ya kamata in ajiye latitud da longitud a cikin shirin Java?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum, malamaina. Manhaja ce da za ta ajiye wuraren rijiyoyin burtsatse. Lambobi biyu na `double` sun wadatar, ko sai an gina musu `class` nasu? Kuma `float` zai yi, tunda bai cin wuri?

Mai_Taswira:
Wa alaikumus salam. Gina musu `class` guda, ka sa masa suna `Wuri`, kuma da zarar an ƙirƙiri abu daga gare shi kada a sake taɓa lambobinsa. Daga Java 16 `record Wuri(double lat, double lon)` ya ishe ka. Tun wajen ƙirƙira ka tantance: latitud daga -90 zuwa 90, longitud daga -180 zuwa 180, sannan ka ƙi karɓar `NaN`, wato ƙimar da ba lamba ba ce. Kudu da yamma su ne masu alamar ragi, kada ka ajiye haruffan N ko W a ciki.

Manta da `float`. Lambobi kusan 7 kaɗai yake riƙewa, a kusa da digiri 180 kuskurensa na iya kai kusan mita guda. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, saboda haka gurbi 5 bayan ɗigo na ba ka kusan mita 1.1, gurbi 6 kuma santimita 11.

Injiniya_GIS:
Gaskiya ne Malam, amma wannan tantancewar ba ta kama babbar matsalar, wato juya lambobin. Ɗauki Kano: latitud 12.00, longitud 8.52. In ka juya su, dukansu na nan cikin iyaka, shirin ba zai ce uffan ba, sai ka ga rijiyarka ta koma wajen Ganye a Adamawa. Kusan duk Arewa haka abin yake, domin lambobin biyu ƙanana ne masu kama da juna.

Kuma juyawar tana da sauƙin faruwa. Google Maps da Leaflet (kayan nuna taswira a shafin yanar gizo) latitud suke sawa a gaba, GeoJSON (tsarin rubuta bayanan taswira) kuwa longitud ne farko, haka ma `ST_MakePoint` na PostGIS (kayan taswira na rumbun bayanai). Shi ya sa ni na fi son a yi `Latitud` da `Longitud` kowanne da nau'insa, sai `Wuri` ya karɓe su. In aka juya, shirin ba zai ma haɗu (compile) ba. Ya ɗan ƙara rubutu, amma ya fi a yi ta farautar kuskure bayan an cika rumbun bayanai.

Wani abu kuma: in ba a san wuri ba, kada a sa 0,0. Wannan wuri ne na gaske a cikin teku, kudu da Ghana. Yi amfani da `Optional`, nau'in Java da ke nuna cewa ƙima na iya kasancewa babu.

Mai_Taswira:
Na yarda. Ga ragowar. `Math.sin` da `Math.cos` radiyan suke so, don haka ajiye digiri, ka juya da `Math.toRadians` a cikin aikin lissafin nisa kawai. Haversine, wato dabarar lissafin nisa tsakanin wurare biyu a doron duniya, da radius ɗin duniya (nisa daga tsakiyarta zuwa samanta) na kilomita 6371 ya isa, kuskurensa bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kada ka gwada wurare biyu da `==`, duba ko tazararsu ba ta kai mita ɗaya ba.

Sabon_Shiga:
Allah ya saka da alheri. Wasu lambobin daga tsofaffin taswirorin safiyo aka kwafo su, zan iya haɗa su da na waya?

Injiniya_GIS:
Ba kai tsaye ba, ɗan'uwa. Waya lambobin ma'aunin WGS 84 na GPS take bayarwa, wanda lambar shaidarsa ita ce EPSG:4326, tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa kuwa a kan ma'aunin Minna suke, EPSG:4263. Bambancin na kai gomman mitoci. Juya su da manhajar sauya ma'auni irin PROJ ko GeoTools tun wajen shigarwa, `Wuri` ya riƙe WGS 84 kaɗai.