In ka je gari ka ga kowa da wutsiya: gaisuwar maƙwabta a Jamus

Maman Yara, Stuttgart: Assalamu alaikum. Ina neman fashin baƙi a kan karin maganar nan: "In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura." Da ita maigidana ya kafa mini hujja. Ya ce in daina tsayar da maƙwabtanmu Jamusawa a matakalar bene ina tambayar gajiya da iyali, in ce "Guten Tag" in wuce kamar kowa. Abin yana ci mini rai. Tsohuwar da ke ƙasanmu ita kaɗai take kwana take tashi, yaya zan wuce ta da kalma biyu?

Malam na Hamburg: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, maigidanki ya yi amfani da ita a muhallinta. Manufarta baƙo ya bi tsarin masu gari. A nan arewacin Jamus "Moin" ake cewa safe da yamma, a Bavariya kuma "Grüß Gott". Gajarta gaisuwa ba wulaƙanci ba ne a wurinsu. Tambayar iyalin wanda ba ku saba ba kuwa, da yawansu shisshigi suke ɗaukarta.

Ɗalibi a Bonn: Allah ya gafarta Malam, ni ban gamsu ba. Ai kuma an ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In muka ajiye gaisuwarmu, da me yaran da aka haifa a nan za su tashi? Kuma yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa.

Hajiya Babba: Ɗana, sake sauraron maganar. Tsumma aka ce a ɗaura, ba a ce mutum ya yanke wani abu a jikinsa ba. In ka koma ɗakinka sai ka kwance, yaranka su durƙusa su gaishe ka kamar yadda aka koya mana. Na daɗe a ƙasar nan, kuma abin da na gani shi ne Bajamushe da aiki yake auna maƙwabci. Ke da kike Stuttgart kin san Kehrwoche, sharar matakala da ƙofar gida da ake yi karɓa-karɓa, mako-mako. In allon da ke nuna mai sharar makon ya zo ƙofarki ki share tas, har ƙarfen da ake dafawa. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a rage hayaniya. Ranar Lahadi kada maigida ya ɗauko injin huda bango. In za ku yi suna, ki liƙa takarda a ƙofar shiga tun da wuri. Tsohuwar kuma ki kira ta da "Frau" da sunan danginta, ki riƙe "Sie", wato "ku" ta girmamawa, har ranar da ita da kanta za ta ce ku koma "du", wato "ke" ta sabo, domin babba ke ba da wannan izini.

Ɗalibi a Bonn: To Hajiya, musabaha tsakanin mace da namiji fa? Ita ma tsumma ce?

Malam na Hamburg: A'a. Karin magana ba ta yin fatawa. Wanda addininsa ya hana shi, ya dafa ƙirji, ya saki fuska, ya yi bayani a taƙaice kafin a miƙo hannu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Hajiya Babba: 'Yata, kada tausayin nan ya bar zuciyarki, haƙƙin maƙwabci ne. Ki karɓar mata saƙo in mai kawowa bai same ta ba, ki ɗaukar mata kwalaben ruwa in kin gan ta da su. Doguwar gaisuwar za ta zo, kuma ita za ta fara.

Maman Yara, Stuttgart: Na gode, Hajiya. Makon gobe sharar tamu ce. Da Sallah ina so in kai mata cincin. In buga ƙararrawarta kai tsaye, ko in fara sanar da ita a matakala?