Saukar abokan lakwal a Damagaram bayan bak (jarrabawar gama sakandare): abin da aka faɗa

Jama'a maganar yadda za a sauki abokan lakwal a gida ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda a fara gaya wa tsofaffi tun kafin baƙi su hau kar (motar bas), kuma da sun sauka a kai su su gaida Baba da Inna kafin wani yawo.

2. Ruwa. Nan aka fi daɗewa, don kun san halin pampon Zinder, sai ya kwana biyu bai zo ba, to a cika jarkoki da randa tun da wuri, a riƙe lambar ɗan garuwa, wanda ya taso daga Yamai kusan kilomita 900 wanka zai fara nema wallahi.

3. Damina ce, gidan sauro dole.

4. Yawo: Birni da fadar Sarki, kasuwar Dole, in da hali a leƙa Mirya.

Inda aka rabu shi ne kuɗi. Wasu sun ce mai masauki ya ɗauki komai har kabu-kabu, wasu suka ce ai duk ɗalibai ne, a yi karo-karo. Ni dai ina bayan karo-karon, amma ban da abinci, wannan na gida ne.

Kwanaki ma ba a daidaita ba, daga masu uku sai masu sati.