Yana rera ɗaya zuwa ashirin amma bai iya ƙirga cokali huɗu ba: wane aiki za a ba shi a gida?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar koyar da ƙananan yara. Yaro ne ɗan shekara uku da rabi, bai shiga makaranta ba. Yana rera ɗaya zuwa ashirin tiryan-tiryan, amma in aka ce ya miƙo cokali huɗu sai ya kwaso iya abin da hannunsa ya kama. Fensir kuma dunƙule shi yake yi a tafin hannu, minti biyu ya yi jifa da shi. Wane aiki za a riƙa ba shi da kayan da ke cikin gida? Akwai kuma ƙanwarsa 'yar wata 20 da komai ta gani sai baki.

Malamar Raino:

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Kwantar da hankalinki, haka yawancin sa'o'insa suke. Haddar sunayen lambobi daban, ƙirga daban. Ƙirga sai yaro ya gane abu biyu: kowane abu lamba ɗaya yake samu, sau ɗaya tak, sannan lambar da ya faɗa ƙarshe ita ce yawan kayan gaba ɗaya. Wannan kuwa ta hannu yake shiga.

Ki samo kwalin ƙwai, ki yanko mai gurbi shida, da manyan marafan kwalba. Ki fara da uku kawai. Ya ɗauki marfi ɗaya, ya sa a gurbi, sannan ya ce "ɗaya". Amfanin gurbin shi ne yana hana shi ƙirga abu guda sau biyu, kuma yana rage wa bakinsa gudu, don matsalar da aka fi gani ita ce baki ya kai biyar hannu yana kan na uku. In ya gama ki tambaye shi, "Nawa ne duka?" In ya koma ƙirgawa daga farko, to bai kama ba tukuna, ki tsaya a uku ɗin. Ranar da kika zube goma kika ce "ba ni uku" ya ware uku ya tsaya, sai ki ƙara zuwa huɗu da biyar.

Kada ki yi mamaki in kin baza marafai biyar ɗin nan da tazara ya ce sun ƙaru. Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya daɗe da nuna cewa yara kan bi tsawon layi da ido har wajen shekara shida ko bakwai.

Batun fensir kuwa, ki ajiye shi gefe, yatsun ne ba su yi ƙwari ba. Ki kwaɓa masa abin murzawa: fulawa kofi 2, gishiri mai laushi kofi 1, mai babban cokali 2, ruwan ɗumi kofi 1. Kada ki juye ruwan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, kina murzawa kamar minti biyar. In yana liƙe wa hannu ruwa ya yi yawa, ki barbaɗa fulawa. In yana tsagewa, ki jiƙa hannunki ki sake murza shi. A roba mai murfi za a ajiye, in an bar shi a buɗe sai ya yi ɓawon gishiri fari a sama. Ya mulmula ƙananan ƙwallaye da babban yatsa da manuniya, ya murza doguwar igiya, ya tsinka da yatsu. Yatsun da ke tsinkar nan su ne za su riƙe fensir gobe.

Baban Yara:

Malama ta yi bayani mai kyau, amma ni ƙanwar nan ce a raina. Kwaɓin nan gishirinsa ya yi yawa ƙwarai, in ƙaramar yarinya ta haɗiyi mai yawa zai iya yi mata illa, ga shi ɗanyar fulawa ma ba abin ci ba ce. A yi shi kan tebur lokacin da take barci.

Ga ma'auni mai sauƙi: duk abin da ya wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu, zai iya maƙale wa ɗan ƙasa da shekara uku a maƙogwaro. Marfin ruwan roba ya faɗa ciki, haka maɓalli da ƙwayar wake. A ƙirga su kafin wasa, a ƙirga bayan wasa. Abu uku kuma kada su shigo ko kusa: ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda ke ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i, da ƙananan maganaɗisu, da fasasshen balan-balan. In wasan ruwa ne, kada babba ya matsa ko nan da can, kuma a zubar da ruwan da zarar an gama. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya kifa a ciki.

Anti Mai Alli:

Ni dai ba zan ce a ɓoye abin rubutu gaba ɗaya ba, Malama. A karya masa kalar zane gajeru, kamar santimita 3. Guntu ba ya dunƙuluwa a tafi, dole yatsu uku su kama shi. A liƙa takardar a bango daidai kafaɗarsa, hakan na sa wuyan hannu ya miƙe yadda ake so.

Sai tiren yashi. A tankaɗe yashi busasshe, a zuba a tire mai duhun launi, kaurinsa kada ya kai santimita ɗaya, don in ya yi kauri ƙasan tiren ba zai fito ba, yaron ba zai ga abin da ya zana ba. Girgiza ɗaya ta goge kuskure, shi ya sa yaron da ke gudun takarda yake sake jiki a nan. Tunanin ba sabo ba ne. Maria Montessori, da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, haruffan samfefa take ba yara su bi da yatsa kafin su taɓa alƙalami.

Kada dai a fara da haruffa. Koyon zane tsari ne da shi: layi a tsaye, layi a kwance, da'ira wajen shekara uku, layi biyu da suka gitta juna wajen huɗu, alwatika sai wajen biyar. Yaron da bai iya layi a karkace ba, in an tilasta masa A da K wahala kawai za a ba shi.

Almakashi ma ya kai, mai dakusasshen baki. A ba shi kwali mai ɗan tauri da aka yanka faɗin santimita 2, yadda datsa ɗaya za ta raba shi. Takarda mai laushi lanƙwashewa take yi tsakanin bakin almakashin, sai ya yi fushi. Babban yatsa a sama koyaushe.

Maman Biyu:

Allah ya saka da alheri. To in ya ƙi zama fa? Da an ajiye masa abu sai ya watsar.

Malamar Raino:

Galibi ɗayan biyu ne: ko kayan sun yi yawa, ko aikin ya fi ƙarfinsa. Ki fito da tire ɗaya kawai, sauran a ɓoye. Ki zauna gefensa, ki yi aikin sau ɗaya a hankali ba tare da surutu ba, don in kina magana bakinki zai kalla, ba hannunki ba. Sai ki tura masa. Minti biyar zuwa goma ya wadatar a shekarunsa, kuma ki ɗauke tun bai gundura ba.

In watsin ne ke ba shi daɗi, ki mayar da shi aikin. Jefa dunƙulallen safa uku cikin kwando yana ƙirgawa, ko juye ruwa daga kofi zuwa kofi a kan tire, da soso a gefe ya goge abin da ya zuba da kansa. Ki cika kofin rabi kawai, cikakke ya yi wa hannunsa nauyi.