Yaro mai ƙeta a filin ƙwallo: a kore shi ne ko a riƙe shi?

Mai horar da yara, Gusau:
Assalamu alaikum. Ina horar da yaran unguwarmu 'yan shekara 12 zuwa 16, kuma da wuya mu kara da wata unguwa a tashi lafiya. Akwai wani ɗan baya mai hazaƙa wanda a gida ko ido ba ya haɗawa da babba, amma da zarar an yanke shi 'yan kallo suka yi ihu, sai ya bi yaron ya sa masa takalmi a ƙauri da gangan. Iyayen sauran yara sun ce in kore shi. Mece ce shawararku?

Tsohon alƙalin wasa, Ƙaura Namoda:
Wa alaikumus salam, Koci. Kafin ka yanke masa hukunci, ka saurari bakin fili, domin manyan da ke ihun “karya shi” su ne ke zuga yara, musamman idan an haɗa kuɗi wanda ya ci ya kwashe. Tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko ake amfani da katin gargaɗi da jan kati, amma a wasan unguwa ba kati, kuma alƙalin yakan zama yayan wani ɗan wasa. Yaron da ya san ba wanda zai bi masa haƙƙinsa, shi zai rama da ƙafarsa. Ku ɗauko alƙali daga wata unguwa, ku hana caca.

Malamar sakandare, Talata Mafara:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai kada a manta da wanda aka ji wa rauni, wanda iyayensa ne za su yi ta zirga-zirga wurin mai ɗori. Ina ganin a dakatar da yaron wasa biyu, yana zuwa atisaye amma yana zaune a benci, sannan mahaifinsa ya kai shi ya duba wanda ya raunata ya ba shi haƙuri. Korarsa za ta raba shi da babban da yake jin maganarsa.

Mai shagon magani, Bungudu:
Koci, ka lura da abin da suke sha kafin wasa. Gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma har yanzu wasu matasa na neman tiramol wai don kada su gaji. Idan ka ga alama, ka gana da mahaifinsa a keɓe, ba a gaban abokansa ba.